KAMA DA WANE BA WANE BA NE: Bayani A Kan Sunayen Gas Da Zafin Ƙasa

Wannan jawabi ne da aka yi wa Hakimai da Malamansu a kan ma'anar waɗansu kalmomi da ke yawan shigowa cikin takardun aiki. An buga shi don a karanta a ofisoshin gundumomi, a kuma bayyana wa Dagatai da Masu Unguwa.

 

Abin da ya kawo ni gabanku yau maganar sunaye ce. Cikin 'yan shekarun nan takardu suna ta shigowa ofisoshinku ɗauke da kalmomin da iyayenmu ba su san su ba. Wannan yana neman fili ya kafa wurin sayar da gas, wancan yana neman izinin ratsa gonaki da bututu, wani kuma ya zo da labarin injin da zai fid da zafi ko sanyi daga cikin ƙasa. Hakimi ne zai sa hannu, magatakarda ne zai rubuta, talakawa kuwa wurinsu za su zo su ji gaskiyar magana. To, kadan suna ɗaya ya rufe abubuwa shida, wanda ya rubuta sunan nan kurum bai faɗi kome ba tukuna. A wannan sha'ani kuwa, kuskuren suna ya kan jawo hasarar dukiya, wani sa'i har da hasarar rai.

Zan kasa maganata kashi huɗu. Da fari kalmar gas, sa'an nan zafin ƙasa, sa'an nan inda su biyu suka haɗu, daga ƙarshe abin da a ke roƙonku ku riƙa yi.

KASHI NA FARKO: KALMAR GAS

Mu a nan, kadan direban babbar mota ya ce zai sha gas, man dizal ya ke nufi. Kadan uwargida ta ce gas ya ƙare, tukunyar girki ta ke nufi. Mutumin Amurka kuwa, in ya ce gas, sau da yawa man fetur ne a ransa. Kun ga mutum uku, kalma ɗaya, abu uku. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

1. Man gas. Shi ne dizal, wanda manyan motoci da taraktoci da injunan niƙa ke sha. Ruwa ne, daga ɗanyen mai a ke tace shi, da lita a ke auna shi. A takardun ciniki a kan rubuta shi da haruffan AGO, kamar yadda a kan rubuta fetur da PMS, kananzir da DPK. Ba ya cikin dangin iskar gas ko kaɗan. Don haka ya kamata a rubuce a riƙa kiransa dizal, a huta.

2. Iskar gas ta ƙasa. Wannan ita ce uwar dangi. Iska ce mai cin wuta wadda ta taru cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa tun zamani mai nisa, wani wuri ita kaɗai, wani wuri tare da ɗanyen mai. Yawancin jikinta wata iska ce da masana ke kira miten. Turawa suna ce mata gas na halitta, dalilin sunan kuwa shi ne, kafin a same ta da yawa, a kan dafa kwal ne a fid da gas don fitilun tituna. An kafa kamfanin irin wannan aiki a Landan a 1812. Sai aka sa wa wanda ke fitowa daga ƙasa suna dabam, don a bambanta shi da na hannun mutum. Saboda haka kalmar halitta ba ta nufin abin ba ya ƙarewa, ba ta kuwa nufin ba shi da illa. Rijiyarsa tana ƙafewa kamar ta mai. Hayaƙinsa dai bai kai na kwal ko na itace ba.

Najeriya ta fi ko wace ƙasa a Afirka yawan wannan iska da aka tabbatar, kuma yawancinta a yankin Neja Dalta ta ke, inda aka fara samun mai a Oloibiri a 1956. Ita ce a ke nufin kawowa Arewa ta bututun nan na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni 2020.

Hali biyu nata ya kamata ku riƙe. Na ɗaya, ba ta kai iskar da mu ke shaƙa nauyi ba, don haka in ta tsiyaya sama ta ke yi. Na biyu, ita kanta ba ta da wari. Warin nan da ku ke ji kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, da gangan a ke zuba mata shi. A 1937, a wani gari mai suna New London a jihar Teksas ta Amurka, gas ya taru ƙarƙashin wata makaranta ba wanda ya ji, ya fashe ya kashe kusan mutum 300, yawancinsu yara. Bayan wannan masifa ne jihar ta yi dokar sa masa wari, sauran ƙasashe suka bi.

3. Matsattsen gas, watau CNG. Wannan iskar gas ta ƙasa ce ɗin nan dai, ba wani abu dabam ba, sai dai an danna ta cikin tukunyar ƙarfe mai kauri ƙwarai, har matsinta ya kusa ninki 100 na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Duk da haka iska ce, ba ta zama ruwa ba. Ita ce Gwamnatin Tarayya ta shiga kwaɗaita wa masu motoci bayan da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023.

4. Sanyayyen gas, watau LNG. Har wa yau iskar gas ta ƙasa ce, amma an sanyaya ta har digiri 162 ƙasa da sifiri, ta zama ruwa. Da ta zama ruwa sai girmanta ya tsuke wajen sau 600, jirgin ruwa ɗaya ya ɗauki abu mai yawa. Wannan shi ne aikin masana'antar tsibirin Boni a jihar Ribas, wadda ta fara aikawa ƙasashen waje a 1999. Kayan fataucin manya ne da masana'antu. Ba a sayar da shi a kanti, ba a girki da shi a gida.

5. Gas na girki, watau LPG. A nan ne aka fi ruɗewa. Wannan ba miten ba ne. Waɗansu iskoki biyu ne masu nauyi, furofen da buten, waɗanda a ke ware su daga iskar gas ta ƙasa, ko kuwa a same su wajen tace ɗanyen mai, kamar yadda matatar Damagaram ta Nijar ke fid da shi tun da aka buɗe ta a 2011. Da ɗan matsi kaɗan sai su zama ruwa. Shi ya sa in ka girgiza tukunyar girki ka kan ji motsin ruwa a ciki, shi ya sa kuma da kilo a ke sayar da shi. Ba a cika tukunya maƙil, a kan bar wajen kashi 1 cikin 5 fanko, gama ruwan yana kumbura in ya ji zafi.

Babban bambancinsa da iskar gas ta ƙasa shi ne, ya fi iskar da mu ke shaƙa nauyi. In ya tsiyaya ba ya tashi sama, kwanciya ya ke yi a ƙasa, ya bi kwata da rami da ƙarƙashin gado, yana jiran ashana. Mutanen Kaduna ba su manta da abin da ya auku a Sabon Tasha cikin Janairu 2020 ba, sa'ad da wani shagon ɗura gas ya fashe cikin jama'a, aka rasa rayuka.

6. Gas na taki. Kadan aka zuba kashin shanu da ruwa cikin rami aka rufe ruf, ba iskar da ke shiga, sai ya ruɓe ya fid da gas. Wajen rabinsa zuwa kashi 2 cikin 3 miten ne, saura iskar da ba ta cin wuta. Ana girki da shi da murhun da aka yi dominsa, abin da ya rage cikin ramin kuma taki ne mai kyau. Shi kaɗai cikin shidan nan ba ya ƙarewa muddin akwai dabbobi.

To, ga inda haɗarin ya ke. Ko wane ɗaya yana da tukunyarsa da murhunsa. Matsin da ke cikin tukunyar CNG ya ninka na tukunyar girki fiye da sau 10. Wanda ya ji an ce gas duk gas ne, ya ɗaura tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa a bayan motarsa, ya je a ɗura masa matsattsen gas, ya ɗauki ajalinsa da na maƙwabtansa. An ga haka a birnin Benin cikin Oktoba 2024, inda wata mota mai irin wannan tukunya ta tarwatse a wurin ɗura gas, mutane suka ji raunuka.

Haka kuma wajen kai rahoto. A ce gobara ta tashi a kasuwa, magatakarda ya aika wa 'yan kwana-kwana cewa gas ya kama wuta. Wane gas? In dizal ne, ba a kwarara masa ruwa, gama ruwan zai ɗauke shi ya yaɗa wutar. Yashi ko kumfa a ke sa masa. In kuwa tukwanen girki ne, abin da a ke bukata shi ne a janye jama'a nesa, ma'aikata su riƙa feshin ruwa daga nesa don tukwanen su huce kada su fashe. Kalma ɗaya da aka bari a baya ta isa ta sa a zo da shirin da bai dace ba.

KASHI NA BIYU: ZAFIN ƘASA

Yanzu mu koma ga ɗaya kalmar. Turawa suna da wata kalma, jiyotamal, ma'anarta zafin ƙasa. Ita ma abu biyu ta rufe, tsakaninsu kuwa akwai nisa kamar tsakanin rijiya da guga.

1. Tururin ƙarƙashin ƙasa. Cikin duniyar nan zafi gare shi ƙwarai. A yawancin wurare, ko wace kilomita ɗaya da aka nutsa, zafi ya kan ƙaru da digiri 25 zuwa 30. Amma a ƙasashe masu duwatsun da ke aman wuta, zafin ya kan matso kusa, ya dafa ruwan da ke can ƙasa har ya wuce digiri 200. Sai a haƙa rijiya mai zurfin kilomita 2 ko 3, tururi ya taso da ƙarfi ya juya injin, injin ya ba da lantarki. A Larderello ta ƙasar Italiya aka fara gwada haka a 1904, aka kunna 'yan ƙwayayen fitila. A Afirka, Kenya ce kan gaba. Ta buɗe tasharta ta Olkariya a 1981, yanzu kuwa wajen kashi 40 cikin 100 na lantarkinta daga tururin nan ya ke fitowa. A tsibirin Aisilan, gidaje 9 cikin 10 da ruwan zafin ƙasa a ke ɗumama su. Mu abin da mu ke gani a fili na wannan dangi shi ne maɓuɓɓuga masu ɗumi, irin su Wikki ta dajin Yankari a ƙasar Bauchi, wadda ruwanta ke tsaye a digiri 31 rani da damina. Ɗumin nan ya isa wanka, bai isa juya injin ba.

2. Famfon zafin ƙasa. Wannan ba ruwansa da tururi, ba ruwansa da dutse mai aman wuta, ba ya kuma ba da lantarki. Cin lantarki ya ke yi. Ga yadda ya ke aiki.

Ko wane ɗayanmu ya san ruwan rijiya. Da asubahin hunturu in an jawo shi sai a ji shi da ɗumi, da tsakar ranar bazara kuwa sai a ji shi da sanyi. Ruwan bai sake ba, iskar waje ce ta sake. Daga zurfin mita 10 ko abin da ya yi kusa da haka, zafin ƙasa tsaye ya ke shekara duka, daidai da matsakaicin zafin garin da ke bisanta. A Ingila wajen digiri 10 zuwa 12 ne, ko da ƙanƙara ta rufe gari.

Ko wane ɗayanmu kuma ya san firji. Ka sa hannu a bayansa, za ka ji ɗumi. Firji ba ya ƙera sanyi. Kwashe zafin da ke cikin abinci ya ke yi, ya zubar a waje. Akwai wani ruwa da ke zagawa cikin bututunsa. Sa'ad da ruwan nan ya zama tururi sai ya sha zafin abin da ke kusa da shi, kamar yadda raɓar jikin tulu ke bushewa ta bar ruwan ciki da sanyi. Sa'an nan injin ya matse tururin ya yi zafi, kamar yadda famfon keke ke yin zafi in ana buga iska, ya saki zafin nan a ɗaya gefen. Injin da ke wannan aiki shi a ke kira famfon zafi, gama jan zafi ya ke yi daga wuri zuwa wuri, kamar yadda famfo ke jan ruwa. Wani masani na Biritaniya, Lord Kelvin, shi ya bayyana a 1852 cewa za a iya ɗumama gida ta wannan hanya. A 1938 aka sa irinsa a zauren majalisar birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, yana jan zafi daga ruwan kogi.

To, a haɗa rijiya da firji, an sami famfon zafin ƙasa. A kan binne bututun roba a kwance, zurfin mita 1 zuwa 2, cikin fili mai faɗi, ko kuwa a zura shi cikin rijiyar burtsatse mai zurfin mita 100 zuwa 200. Ruwa yana zagawa cikin bututun a rufe, ya ɗauko ɗumin ƙasa, injin ya ƙara masa ƙarfi ya watsa cikin ɗakuna. Da zafi ya zo sai a juya aikin, ya kwashe zafin ɗaki ya kai ƙasa. Ribarsa ita ce, awo 1 na lantarki ya kan jawo awo 3 zuwa 4 na zafi. Ba tsafi ba ne. Ragowar awon daga ƙasa ya ɗebo su.

Injin nan na ƙasashen sanyi ne, irin su Suwidin da Jamus da Suwizalan da arewacin Amurka, inda ɗumama gida ke cin kuɗi wata shida a shekara. A Amurka a kan kira shi da kalmar nan jiyotamal, daga nan ruɗanin ya samo asali. A ƙasarmu bukatar ɗumama gida kaɗan ce, sanyaya shi mu ke nema. Ƙasar da ke ƙarƙashinmu kuwa da ma da ɗuminta, gama matsakaicin zafin Kano wajen digiri 26 ne, na Sakkwato ya ɗara haka. Zai yi aiki, amma ribar ba za ta kai ta Turai ba, ga tsadar haƙa, ga bukatar lantarkin da ba ya yankewa. Ban ce ku ƙi shi ba. Na ce ku san abin da a ke sayar muku.

KASHI NA UKU: INDA SUKA HAƊU

Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa gas da famfon zafi har aka gama su cikin jawabi ɗaya? Abu uku.

Na ɗaya, a Turai kishiyoyi ne. Yawancin gidajen Ingila da iskar gas ta ƙasa a ke ɗumama su. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, farashin gas ya yi tsalle, gwamnatocinsu suka ƙara kwaɗaita wa jama'a famfon zafi. Don haka a takardun can a kan ga sunayen biyu tare, kuma daga takardun can ne a ke kwaso kalmomin da ke iso mu.

Na biyu, akwai famfon zafi da harshen wuta ke tafiyar da shi maimakon lantarki. Dattawa sun tuna firji mai kananzir na ɗakunan magani na ƙauye, wanda a ke kunna masa lagwani ya daskarar da ruwa. Ana yin irinsa mai cin gas. Saboda haka in an ce famfon zafi, ba a gama magana ba sai an faɗi abin da ya ke ci.

Na uku, wajen kashi 3 cikin 4 na lantarkin da tashoshin Najeriya ke bayarwa daga ƙona iskar gas ta ƙasa ya ke fitowa, yawancin saura daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Wanda ya sa famfon zafin ƙasa a nan ya ce ya rabu da gas, bai rabu da shi ba. Can wani wuri ana ƙona masa shi.

KASHI NA HUƊU: ABIN DA A KE ROƘONKU

1. Kada a rubuta kalmar gas ita kaɗai cikin takardar aiki. A rubuta dizal, ko gas na girki, ko matsattsen gas, ko iskar gas ta bututu, ko gas na taki. In takardar da ta zo tana da haruffan LPG ko CNG ko LNG, a kwafe su daidai, harafi bayan harafi, gama harafi ɗaya ne tsakanin LPG da LNG.

2. Wanda ya zo neman filin sayar da gas, a tambaye shi wane iri, a ga takardar izininsa ta hukumar da ke kula da sha'anin mai, a duba nisan wurin da gidaje da makaranta da masu suya.

3. A gargaɗi masu motoci da masu walda, tukunyar girki ba ta shiga mota. Mai son juya motarsa ya je wurin da hukuma ta yarda da shi.

4. A sanar da mata da masu sayar da abinci, in an ji warin gas kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a fita. Tukunya a tsaye a ke ajiye ta, inda iska ke shiga.

5. Inda bututu ya ratsa gonaki, a rubuta sunan ko wane mai gona da girman abin da aka ɗiba, don maganar diyya ta tafi daidai. A hana gini da haƙa da ƙona daji a kan layin.

6. Wanda ya zo da maganar zafin ƙasa, a yi masa tambaya uku. Injin nan lantarki zai ba mu, ko lantarki zai ci? Mita nawa za a haƙa? Wa zai gyara shi in ya lalace? Kadan ya ce da rijiyar burtsatse zai ba gari lantarki kyauta, to, ko dai bai san abin da ya ke faɗi ba, ko kuwa yana zaton ku ba ku sani ba. Kada a tara masa kuɗin jama'a, kada a yanka masa fili, sai an kai maganar gaba an ji ta bakin injiniyan Gwamnati.

Ranku ya daɗe, ba a ce Hakimi ya zama makaniki ba, ba a kuwa ce magatakarda ya zama injiniya ba. Abin da a ke so shi ne, kafin a sa hannu a tambaya, wanne daga ciki? Matambayi ba ya ɓata. Wanda maganarsa ke da gaskiya ba zai ji haushin tambayar nan ba, zai amsa nan take.

Iyakar abin da ke gare ni ke nan.